Daga Filin Tseren Daytona Zuwa Bagega: Abin da Ƙura Ke Ɗauke da Shi

Idan aka ce tsere, wataƙila abin da zai fara faɗo maka a rai shi ne filin sukuwa na Kano, dawaki suna tayar da ƙura jama'a na sowa. Idan kuma tseren mota aka ce, sai ka tuna gasar motocin da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu, ko tseren Paris zuwa Dakar da ya riƙa ratsa Agadez da hamadar Tenere a shekarun 1980. Waɗannan a kan hanya ake yin su ko cikin rairayi. Akwai kuma wani nau'in da ake gina masa fili na musamman, kwalta zagayayya wadda ba ta kai mutum ko'ina, motoci su yi ta kewaya ta har a samu gwani. Ɗaya daga cikin waɗannan filaye nake so mu leƙa, domin wani abu da ya faru a can yana taimaka mana mu fahimci Bagega, garin nan na ƙaramar hukumar Anka a Zamfara. Tsakaninsu akwai kusan kilomita 9,000, amma dalma ta haɗa su.

Abin da baƙo ke tararwa

Filin yana garin Daytona Beach a jihar Florida ta Amurka. Kafin a gina shi, a kan yashin bakin teku ake tseren. Bill France, wanda ya kafa hukumar tseren motoci ta NASCAR a 1948, shi ya tsaya aka gina filin, aka buɗe shi a 1959. Zagaye ɗaya kilomita 4 ne. Babbar gasar da ake yi a cikinsa kowane watan Fabrairu, wato Daytona 500, zagaye 200 ce, kimanin kilomita 800, kamar ka tashi daga Gusau ka wuce Abuja da nisa, sai dai ba ka bar wuri ɗaya ba. Kujerun 'yan kallo sun ɗan haura 100,000.

Ko ranar da ba a tsere, filin ba ya rabuwa da baƙi. Ana zagayawa da su a 'yar motar yawon buɗe ido, a nuna musu inda ake canja taya da zuba mai, da dandalin da ake ba gwani kofi. Akwai gidan tarihi, kuma motar da ta ci gasar Daytona 500 ana ajiye ta a nan shekara guda cur, da dattinta da kurjewarta, yadda ta gama tseren. A tsakiyar filin akwai tafki, Lake Lloyd. Ba ado ya sa aka yi shi ba. Kududdufi ne irin namu: ƙasar da aka haƙa daga wurin ita aka cike kwanonin filin da ita, ramin kuma ya tara ruwa.

Kwanonin nan su ne abin kallo. An karkata su digiri 31, kamar gefen ƙwarya. Wurin da aka ja layin farawa digiri 18 ne kawai, amma ko shi mai tafiya a ƙasa zai ji yana hawan tudu. Dalilin karkatar kuwa duk mai tuƙa babur ya san shi a jikinsa. Abin da ke gudu miƙewa yake so ya yi, ba ya shan kwana sai wani ƙarfi ya tura shi ciki. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, kamun da taya ke yi wa kwalta shi kaɗai ke ba da wannan ƙarfin, kuma buƙatarsa tana tashi da sauri: ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da ake nema ya ninka sau huɗu. Idan aka karkata hanyar, ita kanta hanyar sai ta riƙa tura motar ciki. Lanƙwasar kwanar Daytona daidai take da ta da'irar da ke da kimanin mita 300 daga tsakiya zuwa gefe, kuma idan ka buga lissafi za ka ga mota za ta iya shan kwanar da gudun kusan kilomita 150 a awa ko da a ce kwaltar santsi gare ta kamar an zuba kuɓewa. Ƙara kamun taya a kai, sai ka ga yadda ake gudun kilomita 300 ba a ɗaga ƙafa daga totur ba. A 1987 Bill Elliott ya kewaya filin da matsakaicin gudun kilomita 338 a awa.

To, da wane mai ya yi wannan gudun? Da fetur mai dalma.

Me ya kai dalma cikin fetur?

A cikin injin fetur, fistin yana matse haɗin iska da mai a cikin silinda, fulogi ya ba da wuta, haɗin ya kama, zafin ya tura fistin ƙasa. Gwargwadon matsewa gwargwadon ƙarfi, shi ya sa masu ƙera injin tsere ke son matsa wa haɗin sosai. Amma akwai iyaka. Idan matsin ya yi yawa, wani sashe na haɗin sai ya fashe da kansa kafin harshen wutar fulogi ya iso gare shi. Sai ka ji injin na ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙarfe da 'yar guduma. Ƙarfi ya ragu, zafi ya ƙaru, in abin ya daɗe fistin ma yana iya hujewa. Lambar oktan da ake ba fetur ma'aunin juriyarsa ce ga wannan fashewar gaggawa.

A watan Disamba na 1921, wani injiniyan kamfanin General Motors mai suna Thomas Midgley ya gano cewa wani sinadarin dalma, tetraethyl, yana kashe wannan ƙwanƙwasa. Abin da bai cika cokalin shayi ba ya isa galan guda. Aka fara sayar da man a 1923 da sunan Ethyl. Ka lura, ba a sa kalmar dalma a sunan ba, alhali tun zamanin Rumawa an san guba ce. A watan Oktoba na 1924, ma'aikata biyar suka mutu a matatar Bayway da ke New Jersey inda ake haɗa sinadarin, bayan hankalinsu ya gushe. An ɗan dakatar da sayarwa, daga baya aka ci gaba, har man ya game duniya, mu ma ya iso mana.

Matsalar ita ce dalma ba ta ƙonewa. Asalin sinadari ce, wuta ba ta mayar da ita wani abu daban. Abin da ya shiga tanki, mafi yawansa zai fita ta salansa a matsayin ƙura mai laushin gaske, iska ta ɗauka, ta sauke a kan ƙasa da rufi da ganye da tagogi. Clair Patterson, masanin da ya auna shekarun duniya a 1956 ya samu biliyan 4.55, ya sha wuya a wannan aikin saboda duk abin da ya taɓa a ɗakin gwaji sai ya tarar da dalma a jikinsa. Bin sawunta ne ya kai shi ga salansar motoci, ya kuma fito ya faɗa a 1965.

An daɗe kafin a ji. Abin da ya hanzarta lamarin a Amurka shi ne matatar hayaƙin nan da ke cikin salansa, wadda makanikanmu ke ce wa indomi: dalma tana kashe ta, motocin da aka fara ƙerawa da ita a 1975 kuwa ba sa shan mai mai dalma. A ranar 1 ga Janairun 1996 aka haramta shi ga motocin kan hanya. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun yi alkawari a Dakar a 2001, suka cika a farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Amma dokar Amurka ta bar ƙofa a buɗe ga wasu, ciki har da ƙananan jiragen sama da motocin tsere. Don haka shekara goma sha ɗaya bayan an hana talaka zuba man a motarsa, ana ci gaba da ƙona shi a filayen tsere a gaban dubban 'yan kallo. Wani ɗan bincike da aka wallafa a 2006 ya auna jinin mutum 47 daga cikin direbobi da makanikan NASCAR, ya tarar kusan kashi 40 cikin ɗari nasu na da dalma maikirogiram 10 ko fiye a kowace desilita ta jini. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, desilita kuma kashi ɗaya cikin goma na lita. Riƙe wannan ma'aunin, za mu dawo kansa. A kakar 2007 NASCAR ta koma mai marar dalma. Daga 2011 ma man nasu yana ɗauke da kashi 15 na etanol, sinadarin da ɗakin gwajin Midgley ya san yana hana ƙwanƙwasa tun kafin a kai ga dalma.

Gwajin da ba wanda ya shirya

Ga inda labarin ya yi wa masu bincike daɗi. Auna illar dalma kaɗan-kaɗan yana da wuyar sha'ani. Yaron da ke zaune kusa da masana'anta ko babban titi, sau da yawa shi ne ɗan talaka, mai ƙarancin abinci, wanda makarantarsa ba ta da kyau, kuma yana shaƙar wasu hayaƙan ban da dalma. Idan bai yi ƙoƙari a aji ba, wa za ka ɗora wa laifi? Ba kuma za ka raba yara gida biyu ka ba wasu guba don ka gani ba.

Sauyin 2007 ya warware wannan ƙulli. Filayen suna nan inda suke, motoci ba su ragu ba, ƙara da cunkoso da hayaƙi duk suna nan, maƙwabtan filin su ne dai na bara. Abu ɗaya tak aka cire, kuma a lokaci ɗaya. Masana tattalin arziki biyu, Alex Hollingsworth da Ivan Rudik, suka kwatanta gundumomin da ke da filin tsere da maƙwabtansu da kuma na nesa, kafin 2007 da bayanta. A binciken da suka wallafa a 2021 sun nuna cewa tsere da mai mai dalma ya ƙara yawanta a iska, ya ƙara yawan yaran da aka samu da ita a jini sama da ƙa'ida, ya kuma ƙara mutuwar tsofaffi, musamman ta hanyar cututtukan zuciya da jijiyoyin jini. Da suka mayar da asarar rayukan zuwa kuɗi, kamar yadda masana tattalin arziki suka saba, sai suka samu kowane giram ɗaya na dalma da aka zuba a fetur ya jawo ɓarnar da ta haura dala 1,100. Daga baya su da wasu abokan aiki suka duba sakamakon jarrabawar 'yan firamare a Florida, inda Daytona take. Yaran makarantun da ke kusa da fili, waɗanda suka taso lokacin mai mai dalma, makinsu na lissafi da karatu ya gaza, kuma giɓin yana raguwa gwargwadon nisan makaranta da filin.

Ka tuna fa, tseren nan 'yan kwanaki ne a shekara. Ba wanda ya faɗi, ba wanda aka kwasa zuwa asibiti. In ba don lissafi ba, da ba wanda zai sani.

Zamfara, 2010

A Zamfara ba a buƙaci wani lissafi mai zurfi ba, kaburbura ne suka yi magana. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke yawon sa ido kan sanƙarau suka samu labarin ƙauyukan da ƙananan yara ke jijjiga su suma su mutu, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba sa yi musu komai. Da aka auna jini sai aka ga dalma. Ƙauyukan sun haɗa da Dareta da Abare da Sunke a Anka, da Yargalma a Bukkuyum. Yara aƙalla 400 suka rasu.

Farashin zinari ya tashi a lokacin, dutsen da ake haƙowa kuma yana tattare da dalma mai yawa. Ana kawo shi gari, a farfasa, a niƙa a injin niƙa irin na hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dalmar da ke cikin dutse ba ta cutar da kowa, niƙan ne ya mayar da ita ƙura. Wani abu kuma ya ƙara tsananta lamarin: ruwa da iska sun riga sun sauya wani sashe na ma'adanin zuwa nau'in da ke narkewa cikin sauƙi a ruwan ciki, don haka abin da yaro ya haɗiya yana shiga jini sosai.

Yanzu dawo da ma'aunin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan jinin mutum ya kai maikirogiram 5 a desilita, a nemo inda dalmar ke fitowa a toshe. A 45 ake fara ba yaro maganin da ke kamo ta ya fitar ta fitsari. A binciken da aka yi a ƙauyuka biyu da abin ya fi tsanani, kashi 97 cikin ɗari na yaran da aka auna sun haura 45, da yawa ma sun wuce 65, iyakar abin da na'urar tafi-da-gidanka ke iya karantawa. Ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya mutu a cikin shekara guda. Ƙasar wasan yara, ƙa'idar Amurka a lokacin ita ce kada ta wuce miligiram 400 a kilo. An samu wuraren da suka haura 100,000, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙasar dalma ce zalla.

Bagega ta fi sauran girma, kuma a nan babban wurin sarrafa dutsen yake, amma ita aka bari a baya. Dalilin jinkirin yana da zafi. Ba a ba yaro magani a mayar da shi gidan da ke cike da guba, domin jinin zai sake cika, sai an fara kankare saman ƙasar gidaje da lunguna, a kai ta rami a binne, a zubo mai tsabta. Wannan aikin kuɗi yake ci, kuɗin kuma bai fito ba. Yara kimanin 1,500 suka yi ta jira. Sai a watan Janairun 2013, bayan matsin lamba daga MSF da Human Rights Watch da gangamin da Hamzat Lawal da abokansa na Follow The Money suka yi a intanet, gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. Aka fara kwashe ƙasa tare da masanan kamfanin TerraGraphics, a watan Afrilu aka fara ba da magani. Kusan shekara uku kenan da gano cutar. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Me ya sa yara? Suna wasa a ƙasa, hannu kullum a baki, kuma hanjinsu yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba. Jiki yana ɗaukar ta tamkar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori, wanda kuma ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen aika saƙo. Sai ta shiga inda kalsiyam ya kamata ya shiga, ta ɓata aikin. Yaron da ke fama da ƙarancin jini ko yunwa ya fi tsotse ta. A jini rabinta kan ragu cikin wata guda, amma wadda ta shige ƙashi tana iya yin shekaru da dama, kuma lokacin goyon ciki, da jiki ya fara jan kalsiyam daga ƙashin uwa, ita ma sai ta biyo ta isa ga ɗan tayi. Yarinyar da ta yi rarrafe a Bagega a 2010 tana iya kai ta ɗakin aurenta.

Ba ina cewa Daytona da Bagega ɗaya suke ba, tazarar da ke tsakanin adadin dalmar ta yi yawa. Amfanin haɗa su shi ne kowanne yana nuna gefe ɗaya na ma'auni. Bagega ta nuna sama, inda ake mutuwa. Filin tsere ya nuna ƙasa, inda ba a ganin komai amma ana asara. Wani bincike na 2005 da ya haɗa bayanan yara 1,333 daga ƙasashe daban-daban ya samu abin da mutane da yawa ba su zata ba: kowane maikirogiram ɗaya ya fi rage kaifin basira a ƙasa da 10 fiye da yadda yake ragewa a sama da 10. Wato ɓarnar farko ita ta fi tsada. Shi ya sa a ganina kuskure ne a auna nasarar aikin Zamfara da cewa yara sun daina mutuwa kawai. Wannan babban abu ne, amma yaron da jininsa ya sauko daga 80 zuwa 20 har yanzu yana ninki huɗu na inda ake cewa a tashi tsaye. Maganin yana rage abin da ke jini ya ceci rai, ba ya dawo da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa. Idan yaran nan sun yi nauyin fahimta a aji, ko saurin fushi, malami ba lallai ya kawo dalma a ransa ba, zai ce daƙiƙi ne ko marar ji.

Hana haƙar zinari kuma an gwada, ba ta hana ba, mutum ba ya barin abin da yake ci da shi don an yi sanarwa a rediyo. Abin da ya nuna alamar aiki shi ne sauya yadda ake yi: a niƙa dutsen da ruwa don kada ƙura ta tashi, a yi aikin nesa da gari, mai aiki ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya shiga gida, kada a kawo buhun dutse ko na gari tsakar gida, kada injin da ya niƙa dutse ya niƙa dawa. MSF ta miƙa aikin ga hukumomin Zamfara a farkon 2022, a daidai lokacin da rashin tsaro ya sa isa ƙauyukan ya yi wuya.

Kai da kake birni ma ba ka fita ba. Dalmar da motoci suka zubar a gefen manyan tituna kafin a daina tana nan a ƙasa, ba ta ruɓewa. Akwai masu fasa tsohon batirin mota su narka cikinsa a bayan gida, akwai wasu fenti, akwai tukwanen da aka zuba da tarkacen ƙarfe. Tozalin dutse ma, wanda ake ranɓaɗa wa jarirai, sau da yawa galena ne, ma'adanin dalmar da ke cikin duwatsun Anka. Yaron da ke ɗauke da maikirogiram 10 ko 20 yana wasa yana cin abinci kamar kowa, ba zazzaɓi ba jijjiga. Gwajin jini kaɗai ke nunawa, ɗigo ɗaya daga yatsa, na'urar kuma tana ba da amsa cikin 'yan mintoci.